Bashin Asibiti da Sunan Mutum

A Amurka kamfanoni uku ne ke riƙe da littafin masu cin bashi: Equifax, Experian da TransUnion. Duk wanda sunansa ya ɓaci a wurinsu, da ƙyar banki zai ba shi rance, har mai gida ma yakan hana shi haya. Shekara da shekaru bashin asibiti yana shiga wannan littafi, sai ka ce da gangan mutum yake kwanciya ciwo.

A 2022 kamfanonin suka share bashin asibitin da aka riga aka biya, a 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba. A Janairun 2025 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta kafa ƙa'idar cire sauran, wajen dala biliyan 49 a wuyan mutum miliyan 15. A watan Yuli wata kotun tarayya a Teksas ta soke ƙa'idar, wai hukumar ta wuce ikonta. Lalle ba a yi wa majiyyaci adalci ba.

Nijeriya ma tana da irin waɗannan kamfanoni, da dokarsu ta 2017. Ya kamata Majalisar Tarayya ta hana rubuta bashin asibiti a cikin littattafansu, tun kafin a hana ɗan kasuwar Sabo a Ibadan jari don matarsa ta haihu da tiyata.