DAGA BAKIN MAI HOTO: Amarya da Ango a Gidan Kanta

 

Wasiƙarmu ta wannan wata ta fito ne daga wata ƙanwarmu a nan Gwadangaji, wadda aka sa wa ranar aure. Ta ce ita fa ta gaji da ganin amare a gaban labule da furen roba da kujerar haya, so take su tafi Argungu ita da angonta a ɗauke su hoto a Gidan Kanta. Tambayarta ita ce, shin ya dace? In ya dace, yaya za a yi hoton ya fito?

To ƙanwata, ya dace mana, amma sai kin fara sanin gidan da za ki shiga. An gina shi a 1831, kuma nan ne fadar Sarakunan Kabi har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada. A 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515, ya zauna a Surame. Lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, aka ƙulla zumunci bayan tsohuwar gaba, aka yi masa kamun kifin da ya zama bikin da duniya ta sani, wannan gida shi ne fada. Kin ga kuwa gidan da ya shaida sulhu ya cancanci sababbin ma'aurata su tsaya a ƙofarsa.

Na san inda yaranmu suka samo wannan sha'awa, a waya suka gani. A Ingila tun 1995 doka ta yarda a ɗaura aure a tsofaffin gidajen manyansu na ƙauye, har abin ya zama kasuwa, a kama gida haya a kwana ana kiɗa. To namu ya sha bamban da nasu. A Gidan Kanta akwai kaburburan sarakuna, akwai takubba da masu da sulke da tambura waɗanda aka fita yaƙi da su. Wata rana ina cikin gidan sai ga ƙawayen wata amarya sun shigo da shewa da guɗa, ɗaya har ta ɗaga waya tana rawa. Wani dattijo da ya zo ziyara ya dube su ya ce, "Ku yi sannu ɗiyana, manya na nan kwance." Wallahi nan take wurin ya yi tsit, kowace ta ja mayafinta. Wannan magana ita ce sharaɗin farko. A shiga da sallama, a rage murya, kada a ɗauki hoton ado a wajen kaburbura, can addu'a ake yi.

Na biyu, a nemi izini. Ango ko yayansa ya je tun da saura kwanaki ya gaida masu kula da gidan, ya faɗa masu abin da ke tafe da shi, su nuna masa inda aka yarda a ɗauki hoto da inda ba a yarda ba. Kada wanda ya ɗauki takobi ko ya jingina da tambari don hoto ya yi kyau. In abin shekara ɗari ya karye a hannunka, a wace kasuwa za ka sayo wani? Kuma a rage taro. Amarya, ango, ƙawa biyu, aboki biyu da babbar mace ɗaya daga dangi sun isa. Motar kaya da masu kiɗa a bar su a gida.

Na uku, kuma nan ne zan ɓata wa wasu rai, a bari sai an ɗaura. Wannan yayi na hoton kafin aure, saurayi ya dafa budurwa, a watsa a WhatsApp da TikTok, ni dai ba na ɗaukar sa. A aikin nan namu mun ga auren da aka fasa saura mako guda. A da can in haka ta faru, sai a zo a karɓi hoton da fim ɗinsa a ƙone, magana ta mutu. Yau fa? Hoto na cikin wayar mutum ɗari, wanda zai zo neman ta daga baya shi ma sai an tura masa. Namiji ya kaɗe rigarsa ya wuce, mace ce ake bari da abin faɗi. Haba ƙanwata, kwana nawa ne? Ki yi haƙuri a shafa fatiha, washegarin walima ku tafi da mijinki kanki a ɗage.

Yanzu sai maganar sana'a. Daga Gwadangaji zuwa Argungu ta Ambursa tafiyar kamar awa ɗaya ce, don haka ku fita da sassafe ku riski hasken hantsi, ko kuma ku bari sai bayan la'asar. Ranar tsaka, musamman a bazarar Maris da Afrilu, tana sa inuwa ƙarƙashin ido, ta narka kwalliya, amarya ta fito tana yamutsa fuska kamar an yi mata dole. A hunturu kuma ƙura kan dusashe hoto, sai mai hoto ya matso kusa, ya riƙa goge gilashin kyamara. Ginin da yana da kaurin bango da ƙarancin taga, cikinsa da duhu. Dabarar ita ce a tsayar da su a bakin ƙofa, haske na dukan fuskarsu ta gefe, duhun ciki na bayansu, nan ne lalle da aikin wuyan babbar riga ke fitowa raɗau ba tare da filasha ba. Wanda ya je neman izini ya duba launin bango, don kada shaddar ango ta saje da shi. Kuma a kauce wa kwanakin bikin kamun kifi, lokacin garin ba masaka tsinke.

A ƙarshe, don Allah a wanke hoton. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, amma na albam da na bango su ne jikoki za su tarar. Ranar da jikarki ta nuna shi ta ce, "Kaka, nan ina ne?" kin sami hanyar ba ta labarin Kanta da Surame, da na ranar da kakanta ya kai ki. Saboda haka ki tsaya tsayuwar da ba za ki ji kunyar ta gani ba.

Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Mai tambaya ya rubuto, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku a kullum,
Mai Hoto, Gwadangaji.