Keke a Hanyar Burji: Darasin Kimiyyar da Ake Rainawa

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, kekuna suka fara komowa kan titunan Kaduna. A Badarawa, da Unguwar Dosa, da Malali, da Kawo, an kakkaɓe tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka daɗe jingine a zaure, masu faci kuma suka sami kasuwa. Sai dai da yawa daga cikin masu hawan suna yi ne da jin kunya, domin a idon jama'a keke alamar karayar arziki ce. Wannan raini kuskure ne babba, kuma makarantun sakandare ne suka fi dacewa su gyara shi.

A wasu ƙasashe, tuƙa keke a kan hanyar burji mai gargada, a hau tsauni a gangara, ya zama wasa mai zaman kansa. Hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a Italiya a 2022. A Kenya kuwa, tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a hanyoyin burji na yankin Masai Mara, mahaya na zuwa daga Turai da Amurka. Irin hanyar da suke biyan kuɗin jirgi domin su hau, ita ce manomin Kagoro ko na tsaunukan Jos yake bi kowace ranar kasuwa, da buhun masara ɗaure a bayan kekensa, ba mai tafa masa.

Yana da kyau ɗalibi ya san abin da ke gudana a jikin wannan manomi. Mutum yana zaune, zuciyarsa na bugawa kimanin sau 70 a minti guda, tana tura jini wajen lita 5. Da zarar ya tunkari hawa, tsokar cinya da ta sha-raɓa sukan buƙaci iskar oksijin ninkin-ba-ninkin, domin ƙona sukarin da ke ba su ƙarfi. Sai numfashi ya yi zurfi, bugun zuciya ya ninka ko ya fi, jinin da take turawa ya kai lita 20 ko sama da haka a minti guda. Jijiyoyin da ke kai jini ga hanji sukan tsuke, na ƙafafu su buɗe, wato jiki ya karkata dukiyarsa zuwa inda ake aiki. Idan aka yi watanni ana maimaita wannan, zuciya kan ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan jijiyoyi kuma su yawaita a cikin tsoka. Shi ya sa zuciyar gwanin tsere kan buga sau 50 ko ƙasa da haka in yana hutawa.

Malamin lissafi ma yana da rabonsa. Alal misali, yaro mai nauyin kilo 60 a kan keke mai kilo 20, in ya hau tudu mai tsawon mita 100, ya yi aikin da ya kai jul 78,400. Amma tsokar ɗan Adam kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ƙarfin abinci take mayarwa aiki, sauran kashi ukun zafi suke zama. Wannan zafi ne jiki ke fitarwa ta hanyar gumi, wanda a bazara kan haura lita guda a cikin sa'a. A kan burji kuma wahalar ta fi ta kwalta, domin tsakuwa na cin ƙarfin taya, hannuwa da gadon baya suna ta kokawar daidaita keken. Ke nan a tafiya guda ɗalibi ya ga darasin numfashi, da na zagayawar jini, da na makamashi, a jikinsa. Gani kuwa ya kori ji.

Akwai masu cewa ƙasar nan ba ta da tsaunukan da za su haifar da zakaru. Hujjarsu tana da tushe a kimiyya. Iskar oksijin kashi 21 cikin 100 ce a ko'ina, amma matsin iska na raguwa yayin da ake hawa sama, har ya koma kamar kashi uku cikin huɗu a tsawon mita 2,400. Mazaunin irin wannan wuri ƙodarsa kan saki wani sinadari mai sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin shi ya ba masana uku kyautar Nobel a 2019. Birnin Asmara na Eritiriya, mahaifar Biniam Girmay wanda ya ci koriyar riga a tseren Faransa na 2024, ya haura mita 2,300. Kaduna kuwa wajen mita 600 take, Jos kimanin 1,200, ƙololuwar tsaunin Shere 1,829, sai Chappal Waddi a Jihar Taraba mai mita 2,419.

To, amma tsawo kaɗai ba ya yin gwani. Ƙasashe irin su Holan da Beljiyam ba su da wani dogon tsauni, ga su kuwa a sahun gaba a tseren keke. Abin da Eritiriya ta mallaka bayan tsauni shi ne al'ada: tun 1946 aka fara tseren zagaya ƙasar, yaro kan tashi ya ga ana girmama mai keke. Ruwanda ma ta ɗauki abin da muhimmanci har birnin Kigali ya karɓi gasar duniya a 2025, karo na farko a Afirka. A Nijeriya fa? A wasannin Olamfik na Faris a 2024, 'yar tseren ƙasar, Ese Ukpeseraye, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba ƙwazon matasa ta rasa ba, kulawa ta rasa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato tsaro. Babu uban da zai yarda ɗansa ya kutsa daji a yankunan da satar mutane ta addaba, kuma babu malamin kirki da zai nemi haka. Amma ba sai an je nesa ba. Hanyoyin burji na gefen gari, da kewayen dutsen Kufena a Zariya, sun isa a fara, muddin an tafi a ƙungiya, da rana, da sanin iyaye da masu unguwanni. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai sharuɗɗan da ba a wasa da su. Kowane mahayi ya sa hular kwano, a duba birki kafin a tashi, domin gangara a kan tsakuwa ta fi hawa haɗari. A riƙe ruwa isasshe, a guji tsakar ranar Maris da Afrilu. Haka kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san rukunin jininsa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Mai ɗauke da ita yana iya wasa, amma matsanancin aiki tare da ƙishirwa a wuri mai tsawo na iya cutar da shi, saboda haka sai ya nemi shawarar likita.

Abin da ake buƙata daga makarantu bai taka kara ya karya ba. Kekuna biyar, da agogo, da littafin rubutu sun isa kafa ƙungiya. Ɗalibai su ƙirga bugun zuciyarsu kafin hawa da bayansa, su rubuta mako-mako har ƙarshen zango, su zana jadawali, su ga yadda jiki ke sauyawa. 'Yan mata ma a ba su dama daidai da tsarin da iyayensu suka amince da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko da ba a sami zakaran duniya daga Badarawa ba, za a sami matasa masu lafiyayyar zuciya, waɗanda suka fahimci jikinsu, kuma ba sa jin kunyar hawa keke.