Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masarautar Daura: A Bar Yara Su Zana Gurbin Ungulu A Kusugu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da 'yan majalisarsa.

Mai wannan wasiƙa talakan Sarki ne, yana neman aron kunne kan wata shawara da ta shafi rijiyar Kusugu da ɗaliban ƙasar Daura.

Duk ɗalibin da aka kawo Kusugu sai ya leƙa rijiyar, ko zai hango macijin nan Sarki, wanda ya hana mutanen Sarauniya Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Macijin ba ya nan, amma babu yaron da bai san shi ba, domin an riƙe labarinsa.

Ungulu ba ta sami wannan gata ba. A da ita ke yin dandazo a mayanka da bayan kasuwa, tana kwashe mushe kafin ya yi wari. Yanzu sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Guba da masu farautarta don sayar da sassanta sun cinye ta, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta saka ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Raƙumin dawa na Yammacin Afirka kuwa, a Nijar kaɗai ya rage, inda a 1996 aka ƙirga 49 kacal. Da kulawa ya farfaɗo, har a 2018 aka kai takwas dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Akwai salon zane da ya dace da wannan rashi. Ba a zana tsuntsuwar kanta. Yaro zai shafe takarda da gawayi ko shuni, ya zana rumfar mahauta, da reshen kuka, da sararin sama, ya bar wurin ungulu fari fat. Idon mai kallo can zai fara sauka. Marina sun daɗe da sanin dabarar: inda aka ɗaure ƙyalle ba ya shan baba, kuma shi ne adon.

Shawarar ita ce Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai su haɗa ɗalibai da tsofaffin mafarauta, mahauta da masu maganin gargajiya, su faɗa musu abin da suka tashi suka gani a dajin Zango, Ɓaure da Mai'aduwa: jimina, barewa, kurmin kirya da marke. Yara su zana gurbin kowane, su rubuta sunansa a ƙasa da boko da ajami. Lokacin Sallar Gani, sa'ad da baƙi ke cika gari, a baje zanen a harabar Kusugu.

Kada kuma abin ya tsaya a takarda. Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, sun dawo da miliyoyin itatuwa ta hanyar sassabin zamani, wato barin tohon gawo da kalgo a gona ana rage masa rassa. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, don haka masarauta na da ƙofar neman dashe. A ba kowace makarantar da ta kawo zane ɗorawa ko tsamiya, a shayar da bishiyar karon farko da ruwan Kusugu.



Daga talakan Sarki,
Unguwar Kusugu, Daura.