RA'AYINMU: Tsakanin Katsina Da Neja, A Auna Kafin A Ɗaure Kaya

A 'yan shekarun nan maganar ƙaura ta zama ruwan dare a ikkilisiyoyinmu na Jihar Katsina, musamman na ƙasashen Malumfashi, Ƙafur, Ƙanƙara, Bakori, Faskari da Funtuwa. Da zarar an tashi sujada ranar Lahadi aka taru a gindin bishiya, da wuya a watse ba a ambaci wane da ya kwashe iyalinsa ya koma Jihar Neja ba, ko wane da ke neman mai sayen gonarsa domin ya bi sahu. Tambayar da masu karatu ke yi mana ita ce, a tafi ko a zauna? Wannan fili ba zai yanke wa kowane magidanci hukunci ba, amma wajibinmu ne mu ɗora jihohin biyu a kan sikeli, domin mun lura ana yabon ɗaya fiye da kima, ana kuma raina abin da za a bari a ɗayar.

Da farko dai, ba mu ga laifin wanda zuciyarsa ta karkata ga tafiya ba. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 aka faɗa wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe fiye da mutum 30. Wannan masifa ba ta tambayar addinin mutum, ta ci Musulmi ta ci Kirista. Manomin da sai ya biya haraji ga mutanen daji kafin ya shiga gonar ubansa, ya sake biya kafin ya girbe, ba mai gaya masa cewa ba shi da dalilin tunanin wani wuri. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma a 2025 ƙananan hukumomi da dama sun yi zaman sulhu da 'yan bindigar, amma mutanen ƙauye sun ga sulhu iri-iri a baya, ba su cika sakin jiki ba.

Abin da ke jan mutane zuwa Neja kuwa gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Ita ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya, tana da murabba'in kilomita wajen 76,000, wato ta ninka Katsina sau uku. A birnin Katsina damina ba ta zama sosai sai cikin Yuni, kafin ƙarshen Satumba kuma ta ɗauke, abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. A Minna ruwa kan sauka tun Afrilu ya kai Oktoba, ya ba da kusan ninki biyu na wancan. Ga doya, ga shinkafa a fadamun Bida da Badeggi, ga masara da riɗi da kaɗanya. Ga kuma Suleja a bakin Abuja, inda matashi mai sana'ar gini ko kafinta ko tuƙi zai fi samun aiki. Wanda ya fito daga arewacin jiharmu, inda ƙasa ta gaji gonaki kuma suka tsuke saboda rabon gado, in ya ga wannan dole ransa ya biya. Amma ɗan Funtuwa ko Bakori ya sani cewa tazarar da ke tsakanin daminarsa da ta Minna ba ta kai haka ba, domin kudancin Katsina na samun ruwa wajen milimita 1,000, shi ya sa masara da auduga da waken soya suka karɓe shi.

Wasu kan ce ai duk ƙasar zafi ce, don haka jiki ba zai ji baƙunta ba. A nan akwai gyara. Zafin Katsina busasshe ne. A watan Afrilu rana na iya kai awo 40, amma gumi na bushewa, ruwan randa na yin sanyi, dare ya yi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi barci. Daga Disamba zuwa Janairu kuma ga hunturu, har tsofaffi na jin wuta da safe. Zafin kwarin Neja da na Kogin Kaduna mai laima ne, yana manne wa mutum dare da rana, hunturunsa kuma gajere ne. Inda damina ta yi tsawo, lokacin sauro ma ya yi tsawo, sai kuɗin maganin zazzaɓin yara ya ci wani kaso na ribar gonar. Dawa da geron da ke shekara biyu ko uku a rumbun Bakatsine ba abin da ya same su, a can in ba a iya ajiya ba, fumfuna da ƙwari su gama da su kafin bazara. Shanun huɗa ma a wasu dazuzzukan suna fama da cizon tsando da ciwon sammore. Noman doya kuwa ilmi ne mai zaman kansa, ba a koyonsa a damina ɗaya. Tulin doya ba kunyar gero ba ce.

Sai babbar magana, wato tsaro, wanda dominsa yawancin 'yan'uwa ke son tashi. Muna roƙon masu karatu su riƙe wannan rana: Lahadi 15 ga Janairu, 2023. A ranar ce 'yan bindiga suka shiga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ana cikin sujada, suka tafi da masu ibada. A wannan rana dai, kafin gari ya waye, aka ƙone Rabaran Fada Isaac Achi a gidansa da ke Kafin Koro, ƙaramar hukumar Paikoro ta Jihar Neja. Shi ne kuma limamin majami'ar Katolika ta Madalla lokacin da aka tayar da bam a can ranar Kirsimeti ta 2011. A 2021 an sace ɗalibai a Kagara, aka kuma kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. A watan Nuwamba na 2025 aka ɗauke yara fiye da 200 da malamansu daga makarantar Katolika ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, sai a watan Disamba aka sako su. Dazuzzukan da suka taso daga Rugu, suka bi ta Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, suka faɗa Allawa a ƙasar Shiroro, hanya ɗaya ce ga masu ɗauke da bindiga. Gonar da ake bai wa baƙo da araha kuwa sau da yawa tana bakin irin wannan daji ne, shi ya sa ta yi araha. Saboda haka wanda ya bar ƙauyen Faskari ya koma ƙauyen Rafi ko Mariga ko Munya, jiha kawai ya sake.

Akwai kuma ruwa. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ambaliya ta shafe unguwanni a garin Mokwa da tsakar dare, mutane fiye da 150 suka rasu, Unguwar Hausawa na cikin inda abin ya fi muni. Baƙo ba ya zaɓen inda zai kafa gida, inda aka nuna masa nan yake gini, kuma tudu yana da masu shi tun tuni.

Abin da muka ga ana mantawa da shi ƙwarai shi ne matsayin ɗan ƙasa. Duk wanda ya shigo tsakiyar birnin Katsina zai ga Hasumiyar Gobarau, wadda masana tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ta masallaci ce, muna kuma girmama ta a kan haka. Amma lokacin da ake ɗora tubalinta, kakannin Kiristan Hausa na yau suna nan a karkarar wannan ƙasa suna noma, suna kawo hatsi kasuwar birni. Ba wanda ya kawo mu Katsina, a nan aka same mu. A tsarin Nijeriya na yau wannan ba maganar alfahari ba ce kawai, takarda ce. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ake nema wajen shiga aikin soja da ɗan sanda, wajen gurbin jami'a da tallafin karatu da aikin gwamnatin jiha. Yaron da aka haifa a Kontagora ko Lapai, ubansa ɗan Ƙafur, Ƙafur za a ce ya koma ya karɓo tasa. In uban ya sayar da gida da gona, dangi suka watse, wa zai tsaya wa yaron a gaban mai unguwa da dagaci? Mun sani wasu 'yan'uwa na kokawa cewa ko a gida sukan sha wuya kafin su sami wannan takarda, ko filin gina majami'a, ko malamin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Koke ne na gaskiya, kuma za mu ci gaba da yinsa a wannan fili. Amma hakkin da ake ja maka rai a kansa a gida, a wata jiha ba ka ma da bakin nemansa. Wanda kuma yake zaton zai bar shari'ar Musulunci a baya, ya tuna cewa Neja ma ta ƙaddamar da ita a shekarar 2000, kamar Katsina.

Ta fuskar ikkilisiya, dole mu yarda cewa a Minna da Suleja da ƙasar Gwari Kirista ba zai ji kaɗaici ba. Majami'u na da yawa, ana sujada da Hausa a wurare da dama, makarantun mishan ma sun fi samuwa. Sai dai mu dubi abin da aka gina a nan. A shekarun 1930 ma'aikatan SIM suka fara jinyar kutare a Babbar Ruga, daga irin wannan hidima ikkilisiyoyin ECWA suka yaɗu a karkara. Angilikan sun kafa dayosis ɗin Katsina a 1990. A 2023 Paparoma Francis ya kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, ya naɗa Rabaran Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama bishop na farko. In masu ƙarfi a jika suka tafi, aka bar tsofaffi da gwauraye, wa zai riƙe waɗannan majami'u, wa zai ciyar da fasto?

Littafi Mai Tsarki bai haramta ƙaura ba. Yusufu ya ɗauki Maryamu da Yaron ya gudu Masar da dare saboda Hirudus, ba a kuwa kira shi marar bangaskiya ba. Da haɗarin ya wuce ya komo. Amma Lutu ya zaɓi kwarin Urdun domin ya ga ruwa da ɗanyar ciyawa, bai binciki mutanen wurin ba. Elimelek ya bar Baitalami saboda yunwa, ya mutu a Mowab shi da 'ya'yansa biyu, kuma da Na'omi ta komo, filin da aka bari a gida da dangin da suka rage su ne suka zama mata madogara.

Mu a namu ganin, dole a raba gudun tsira da ƙaurar neman arziki. Wanda ƙauyensa ya zama ba ya kwanuwa, ya tashi yau, kada ya jira shawarar kowa, amma ya fara duba garuruwan da ke kusa, kamar Malumfashi, Funtuwa ko birnin Katsina, inda yara za su ci gaba da makaranta, shi kuma yana iya leƙa gonarsa in an sami sarari. Wanda kuwa ƙasa da ruwa yake nema, ya yi yadda iyayenmu ke yi a cin rani: ya tafi shi kaɗai ko da ƙaninsa, ya yi aron gona ko haya, ya ga damina biyu, ya san ciwon wurin da mutanen wurin, kafin ya ɗauko mata da yara. In zai sayi fili, kada ya tsaya ga baki da baki. A rubuta, dagaci da shaidu su sa hannu, a kuma bincika ko filin na gandun daji ne ko burtalin shanu. Gonar gado dai kada a sayar. A ba ɗan'uwa riƙo, ko a jinginar da ita in ta kama dole, domin a wannan lokaci na tsoro ana sayen gona ne a kan kuɗin da bai kai darajarta ba.

Muna kira ga shugabannin ikkilisiyoyi su daina ɗaukar maganar nan tamkar asirin iyali. Kowace majami'a ta buɗe littafi ta rubuta waɗanda suka tashi da inda suka sauka, a ba kowa takardar shaida ya kai wa ikkilisiyar da zai tarar. Gundumomin Katsina su rubuta wa takwarorinsu na Minna, Kontagora, Bida da Suleja, su nemi sahihin bayani a kan ƙauyukan da ake kai mutanenmu, domin a yanzu dillalan filaye ne kaɗai ke ba da labari. Zumuntar mata ma a saurare ta, domin su ne za su nemi ruwa da asibiti a baƙon wuri. Kafin iyali su tashi kuma, a tabbata an karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma. Tarurrukan gunduma da za a yi bayan kaka, kafin hidimar Kirsimeti ta ɗauke hankali, su ne lokacin da ya dace a sa wannan batu a kan tebur.