Kabarin Baƙo Amana Ne: Darasi Daga Ƙauyen Akrish

A kudu da birnin Marrakesh, cikin ƙasar Maroko, akwai wani ƙauye da ake kira Akrish. A gefensa akwai wata 'yar maƙabarta ta Yahudawa wadda ta kai shekara 700, inda aka binne wani malaminsu mai suna Rafa'el Hakohen. A 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000, amma daga baya galibinsu suka yi ƙaura zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada, suka bar matattunsu a hannun maƙwabtansu Musulmi.

Abin lura a nan shi ne, maƙwabtan ba su mai da wurin juji ko gona ba. A 2010 Sarki Muhammadu na VI ya ba da umurnin gyara maƙabartun Yahudawa 167 a faɗin ƙasar. A 2012 kuma aka kafa gandun renon itatuwa a filin da ke jikin maƙabartar Akrish, bisa yardar al'ummar Yahudawa, ana rarraba dashen ga manoman karkara. Wannan hali bai saɓa wa Musulunci ba, domin Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar wani Bayahude.

To, ina ruwan mutumin Zamfara da wannan labari? Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Ita ce ta jawo Kwarori da Turawan kamfani da Yarbawa da Ibo, masu cinikin gyaɗa da auduga. Da yawansu ajali ya riske su a nan, zuriyarsu kuwa ta koma gida. Kabarin da ba shi da mai ziyara shi ne garma da masu yanka fuloti ke fara cinyewa.

Saboda haka wajibi ne ɗaliban Hausa su zauna da dattawan Tudun Wada da Tsafe da Bunguɗu, su rubuta inda tsofaffin maƙabartu suke da waɗanda ke kwance cikinsu, tun masu sanin suna raye. Hakimai da ƙananan hukumomi kuma su kewaye wuraren, su hana sayar da su. Hausawa sun ce baƙonka Annabinka, kuma mutuwar baƙo ba ta sauke wannan haƙƙi.