Daga Sedgefield: Jita mai tsirkiya 12 da hannun Auta

A ƙarshen bara na yi asarar dala 280, kuma saura ƙiris in haɗa da asarar abin da ya fi kuɗin. Tunda na san akwai iyaye da ɗalibai a cikinku da ke shirin shiga kantin kayan kiɗa, bari in ba ku labarin, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Muna zaune ne a gefen Sedgefield, kudu maso yammacin Greensboro a jihar Carolina ta Arewa. Unguwar ta yi suna saboda filin golf ɗinta, inda ake gasar Wyndham duk watan Agusta, motoci su cika mana hanya. Mu dai gidan haya muke, can baya da manyan gidajen da suka kewaye filin. Ɗiyata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, shekararta 13. Ta yi shekara biyu tana koyon jita mai tsirkiya shida a makaranta, da wata ƙarama irin ta yara. Hannunta irin na mahaifiyarta ne, ɗan tafi da gajerun yatsu.

A watan Satumba muka je bikin kaɗe-kaɗen gargajiya da ake yi kyauta a tsakiyar Greensboro kowace shekara. A wata kwana muka tarar da wata dattijuwa zaune a kan kujera tana kaɗa jita ita kaɗai, amma sautin kamar na mutum biyu. Auta ta tsaya ta ƙi motsi. Da matar ta huta sai ta nuna mata kan jitar, kunnuwan ɗaure tsirkiya goma sha biyu a jere. Tun daga wurin har gida magana ɗaya ce: “Abba, irin wannan nake so.”

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, ga yadda take. Tsirkiyoyin bibbiyu ne, jeri shida, kuma yatsa ɗaya ke danne biyun a lokaci guda. A jeri huɗu masu kauri, kowace tsirkiya tana da siririyar abokiya mai irin muryarta amma a sama, kamar babba da yaro suna rera baiti ɗaya. A jeri biyun da suka rage, tagwaye ne masu murya ɗaya. Daga nan sautin yake samun cikarsa. Mu da muka tashi da gurmi da garaya masu tsirkiya biyu, da molo mai uku, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya tal a kan gwangwanin kifi, sha biyu sai ta yi mana kama da almubazzaranci. Ni ma haka na ce, har sai da na ji ta a kusa.

Bayan wata biyu na ga wata ta hannu a intanet, babba, irin wadda ake kira jambo. Hoton ya yi kyau, farashin ya yi sauƙi. Na je na karɓo a wurin ajiye motoci na wani kanti, ban tafi da Auta ba don ina so in ba ta mamaki. Nan ne kuskurena na farko. Takalmin makaranta ma ba na saya mata sai ta sa ƙafa, amma na sayi jita ba tare da ta ɗora hannu ba.

Mako uku ta yi tana fama. Kafaɗarta ta dama ta ɗage sama don ta rungumo cikin jitar, tsintsiyar hannun hagu ta lanƙwashe, kan yatsu ya yi jawur, kuma duk da haka sautin a dishe yake fita. Wata rana na ga jitar a ƙarƙashin gado. Da na tambaye ta sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba: “Abba, ni ba ni da hannun kiɗa. Hannuna ya yi ƙanƙanta.” Ko ƙaramar tata ta makaranta ta daina taɓawa. Da dare uwargida ta ce mini: “Malam, kuɗin nan fa ya kusa abin da muke aika wa Inna Maraɗi a wata. Ga kuɗi sun tafi, ga yarinya ta karaya.” Ban da amsa.

Na ɗauki jitar na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Bai ko kaɗa ta ba. Ya zaro kwabon senti biyar guda biyu daga aljihu, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya tura su tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da aka gitta a wuyan jitar. Suka shige ba tare da sun taɓa tsirkiyar ba. Kaurin kwabo ɗaya bai cika milimita 2 ba, ke nan tazarar ta kai milimita 4. Ya ce wadda aka saita da kyau, kwabo ɗaya ne zai shige da ɗan sarari kaɗan. Sannan ya nuna mini yadda fuskar jitar ta kumbura a bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa, alamar shekaru tana ɗaure tamau. Gyaran ya fi kuɗin jitar. Ya ce ko shi da ya yi shekara arba'in yana kiɗa ba zai jure minti goma da ita ba.

Wannan maganar ita na kawo wa Auta gida, kuma ita ce ta fara dawo da ita. Daga nan muka yi Asabar uku muna zagaya kantuna tare, ni da ita da ɗan ma'auni a aljihu. Ga abin da muka koya, bisa tsarin muhimmancinsa.

Na farko, tazarar tsirkiya daga wuya. Ita ce ke kashe hannu kafin komai. A auna a ƙarfe na 12 kamar yadda dattijon ya yi, a nemi milimita 2 zuwa 2 da rabi a gefen masu kauri. A kuma danna a gaɓar farko, kusa da kai. Idan sai an yi da ƙarfi, to ramukan da tsirkiyoyi ke kwanciya a saman wuya ba su yi zurfi ba, kuma mai gyara yana iya saukar da su. Sabuwar jita ma tana buƙatar wannan saitin, don haka a ware kuɗinsa tun a lissafin farko.

Na biyu, ƙarfin ɗaurin. Tsirkiyoyi shida marasa kauri suna jan wuyan jita da nauyin da ya ɗan haura kilo 70. Sha biyu kuwa suna haura kilo 110, wato buhun shinkafa biyu da ɗori. Maganinsa biyu ne. A sa tsirkiyoyi mafiya sirantaka, waɗanda lambarsu ke farawa daga 9 ko 10 a jikin kwali. Sannan a sassauta dukkansu su sauka da gaɓa biyu, a ɗaura ɗan maƙalin nan da ake kira kafo a gaɓa ta biyu, murya ta koma daidai inda take. Wannan ba dabarar ragwaye ba ce. Lead Belly, wanda aka fi sani da wannan jita a tarihin Amurka, ya rasu a 1949, ƙasa sosai yake sassauta tasa.

Na uku, faɗin wuya da kaurinsa. A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Jita mai shida faɗin wuyanta a sama milimita 43 ne zuwa 44 da rabi. Mai sha biyu yawanci kusan 48 ce. Sai mai ƙaramin hannu ya ce bari ya nemi mafi ƙunci. Amma tsirkiya sha biyu ne za su zauna a wurin, in ya matse sai yatsa ya riƙa taɓa maƙwabciya yana kashe mata murya. Jitar lantarki ta Rickenbacker mai sha biyu, irin wadda George Harrison na ƙungiyar Beatles ya fito da ita a 1964, wuyanta bai kai na mai shida ta yau da kullum faɗi ba, kuma makaɗa da dama suna kukan cunkoson. Abin da ya fi damun Auta shi ne kaurin wuyan daga gaba zuwa baya. Mun gwada biyu masu faɗi ɗaya: ɗaya ta cika mata tafi kamar taɓarya, ɗaya kuma babban yatsanta ya zauna a baya lafiya, ƙaramin yatsa ya kai inda ake so. Takardar kanti ba za ta gaya maka wannan ba.

Na huɗu, tsawon tsirkiya da girman ciki. Yawancin jita tsawon tsirkiyarsu milimita 648 ne, gajeru kuma wajen 632. Bambancin a gaɓar farko milimita ɗaya ne kacal, don haka kada a biya kuɗi mai yawa saboda shi kaɗai. Kafo a gaɓa ta biyu ya fi shi aiki, domin yana rage faɗin gaɓar da za a fara kamu da kusan milimita 4. Girman ciki kuwa babban abu ne. Idan kafaɗa ta ɗage, ko yaro ya leƙo ta sama don ya ga yatsunsa, jitar ta fi ƙarfinsa.

Wadda ta zauna wa Auta kamar an auna ta ita ce Taylor 362ce, daga samfurin da kamfanin ke kira Grand Concert. Cikinta ƙarami ne, tsirkiyarta gajera, kuma wuyan yana haɗuwa da ciki a ƙarfe na 12 maimakon na 14, don haka hannun hagu ba ya miƙewa nesa. Ta kaɗa ta minti ashirin ba ta ajiye ba. Da na juya takardar farashi na ga ta haura dala dubu biyu, sai na mayar da ita a hankali. Auta ma ta gani, ba ta ce komai ba.

Muka tsaya a kan Yamaha FG820-12, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na waccan ba. Faɗin wuyanta milimita 46, tsawon tsirkiya 634. Aibinta shi ne cikin yana da girma. Dattijon ya saukar da tsirkiyoyin, ya sa sirara, ya sassauta su, ya ɗaura kafo, ya kuma koya mata ta rataya maɗauri ko a zaune take, ta ɗaga wuyan jitar sama kaɗan don tsintsiyar hannu ta miƙe. Ya ce minti goma sha biyar sau biyu a rana ya fi awa ɗaya a jere. Zafin kan yatsa zai wuce in kanta ta fito, amma ciwon tsintsiyar hannu alama ce ta a tsaya.

Ga ɗaliban da ko wannan ta fi ƙarfin aljihunsu, akwai wata hanya da makaɗan Nashville suka daɗe suna bi. A sayi kwalin tsirkiya na mai sha biyu, a ware sirara shida, a ɗaura su a kan jita mai shida da ake da ita. Ba za a sami cikar sautin ba, amma za a sami ƙyallinsa, kuma dannawa ba wuya. Wanda ya sayi mai sha biyu kuma ya tanadi ƙarin siririyar jeri na uku, don ita ta fi tsinkewa. Ya kuma kula da lokacin sanyi: na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska kamar hunturun gida, katako ya tsage. Masu ƙera jita suna son danshin ɗaki tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A ajiye ta cikin jakarta da ɗan abin danshi.

Na san wasu za su ce duk wannan wahala a kan kiɗa. Yayana a Maraɗi ma sai da ya tambaye ni a waya ko na kai yarinya Amurka ne don ta zama maroƙiya. Na ce masa, Yaya, darasi ne a makarantarsu kamar lissafi, kuma a falo take yinsa ina kallo. Ban ce na gamsar da shi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yarinya mai shekara 13 ta yanke wa kanta hukunci cewa jikinta bai isa ba, alhali kayan da ubanta ya sayo ne ba su da kyau. 'Ya'yanmu a ƙasar nan suna jin irin wannan magana a waje ta isa, bai kamata su same ta a gida ba.

Na ba ta labarin Etta Baker, 'yar wannan jiha, wadda aka haifa a 1913 ta rasu a 2006. Ta yi shekaru tana aiki a masaƙa a Morganton, ta raini 'ya'ya tara, tana kaɗa mai shida da mai sha biyu a gida, kuma sai a 1991 faifanta na kanta ya fito. Na kuma ba ta na Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke, yanzu kuma yana zagaya duniya. Ta ce ita dai ba za ta jira shekara 78 ba.

Ranar Lahadin da ta wuce muka kira Inna ta bidiyo. Auta ta zauna ta kaɗa mata abin da take koyo, sau biyu tana kuskure tana komawa. Inna ta kanga kunne a waya, can ta ce: “Ke kishiya, ke da wa kuke kiɗan? Na ji kamar ku biyu ne.” Auta ta ɗaga mata hannun hagu a gaban kyamara, yatsu huɗu duk da kanta.

Tsohuwar jambon tana nan a bayan ƙofa. Ban sa ta a kasuwa ba, don ba na so wani uba ya je wurin ajiye motoci ya karɓo ta. Wanda zai saya wa ɗansa ko kansa, ya tafi da mai hannun, ya sa kwabon senti biyar a aljihu, ya kuma tambayi kwana nawa aka ba shi ya mayar in ba ta yi ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.