Gangar Fata Ko Gangar Lantarki: Wacce Ta Dace Da Ƙananan Makaɗa?

A kusan kowane gari na Nijeriya akwai ƙananan ƙungiyoyin makaɗa na mutum biyar ko shida, waɗanda ke kiɗa a wuraren biki da suna da otal-otal da majami'u da tarukan makarantu. Ba su da babbar mota, ba su da ma'aikata. Su ne masu ɗaukar kaya, su ne masu haɗa su, su ne kuma masu kiɗan. Idan irin wannan ƙungiya ta tara kuɗi don sayen ganguna, sai gardama ta tashi: gangar fata za a saya ko gangar lantarki? A ganina, gangar fata ya kamata a fara saya. Kafin in kawo dalilaina, bari mu san kowace ɗaya daga cikinsu.

Abin da nake kira gangar fata shi ne jerin gangunan nan da mutum ɗaya yake zama ya kaɗa. Akwai babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, akwai ƙanana da ake bugawa da sanduna biyu, akwai kuma farantai na tagulla masu ƙara. A da, fatar dabba ake rufe bakin gangunan da ita. Tun daga wajen 1957, lokacin da kamfanin Remo na Amurka ya fito da marufin roba, yawancinsu roba ce a kansu. Duk da haka aikinsu bai sauya ba: an buga, marufi ya girgiza, iskar da ke cikin ganga ta motsa, sauti ya fito.

Ita kuwa gangar lantarki ba ta da amo nata na kanta. Faifai ne na roba ko na raga, kowanne da 'yar na'ura a ƙarƙashinsa wadda take jin bugu. Wannan na'ura ta aika da saƙo ta waya zuwa wani ɗan akwati da aka adana sautuka iri-iri a cikinsa. Akwatin ya zaɓi sauti, ya tura wa lasifika, sannan jama'a su ji. Kamfanin Simmons na Ingila ya yi suna da irin wannan ganga a 1981, sai kuma kamfanin Roland na Japan ya fito da mai faifan raga a 1997, wadda bugunta ya fi kama da na ganga ta sosai.

Adalci shi ne a faɗi alherin gangar lantarki, domin tana da shi. Ana iya rage ƙararta ko a ƙara, kamar yadda ake yi wa rediyo. Makaɗi yana iya sa abin sauraro a kunne ya yi ta gwaji da tsakar dare ba tare da ya tashi maƙwabta ba. Tana naɗuwa, don haka tana iya shiga bayan ƙaramar mota. Cikin akwatinta kuma akwai ɗaruruwan sautuka, ta yadda mutum zai danna maɓalli ya koma daga kiɗan rege zuwa na hailaif. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga ƙungiyar da ake roƙon ta yi waƙoƙi iri dabam-dabam a dare guda.

To, me ya sa na zaɓi gangar fata? Dalili na farko shi ne wutar lantarki. Kowa ya san halin da wuta take ciki a ƙasar nan. Ana iya ɗauke ta a tsakiyar biki, daidai lokacin da ango da amarya suka shigo fili. Janareta ma yakan tsaya, ga shi man fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Da zarar wuta ta ɗauke, gangar lantarki ta zama kurma, ba abin da za a ji sai ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan roba. Makaɗan da suka karɓi kuɗin mai biki kuwa ba su da uzuri, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai jita da fiyano da makirfo su ma wuta suke sha, saboda haka idan ta ɗauke kowa ya tsaya. Gaskiya ne za su yi shiru. Amma idan gangar fata tana nan, kiɗa ba zai mutu ba. Makaɗi zai ci gaba da bugu, mai ƙaho ya ci gaba da busa, mawaƙa su ɗaga murya, jama'a su kama tafi, har a samu a tayar da janareta. Minti biyar na shiru a filin rawa ya isa ya watsa taro, kuma ƙungiyar da taro ya watse a hannunta da wuya a sake gayyatar ta.

Dalili na biyu shi ne gyara. Yawancin bukukuwanmu a waje ake yi, ƙarƙashin rumfa, cikin ƙurar hunturu ko laimar damina ko zafin bazara. Kayan lantarki ba sa son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wuta kuma takan dawo da ƙarfi ta ƙona na'ura. Idan akwatin gangar lantarki ya lalace, dukan gangar ta tsaya, sai an nemi gwani, wataƙila a babbar kasuwa irin ta Alaba da ke Legas. Kayan gyaran daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Gangar fata ma daga waje ake kawo yawancinta, amma lalacewarta da sauƙi. Idan marufi ya yage, makaɗi ya kwance shi ya sa wani. Idan ƙarfe ya karye, mai walda na unguwa ya liƙe shi. Ko ganga ɗaya ta fashe, sauran za su kai shi ƙarshen biki. Haka kuma mai sayen gangar lantarki ya tuna cewa sai ya ƙara da lasifika mai ƙarfi, har da wata ƙarama kusa da makaɗi don ya ji abin da yake bugawa.

Dalili na uku, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne horar da hannu. Gangar fata ba ta rufa wa kowa asiri. Bugun tsakiya dabam, bugun gefe dabam, bugu mai taushi dabam, kuma duk kuskure sai ya fito fili. Gangar lantarki, musamman mai araha, takan ba da sauti mai daɗi ko da an yi bugun ganganci, sai ɗan koyo ya ɗauka ya ƙware. Mu dubi Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940, ya kuma rasu a Faris a 2020. Ya yi sama da shekara goma yana yi wa Fela Kuti kiɗa, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa kiɗan Afrobeat. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne yadda hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne yake nasa kiɗan, wani da ƙarfi wani a hankali, amma duk su haɗu su zama abu guda. Irin wannan gwaninta a kan gangar fata ya same ta.

Al'adunmu ma sun nuna mana haka. Mai kalangu yana matse igiyoyin da ke jikinsa da hammata, sauti ya hau ko ya sauka, har ya kwaikwayi karin maganar mutum. Da kalangu aka yi wa Alhaji Mamman Shata kiɗa har ya rasu a 1999, haka kuma Yarabawa suke da gangan da dundun. Makaɗin biki yana kallon ƙafafun masu rawa, ya yi musu magana da ganga, su amsa masa da jiki. Na'ura tana iya adana sautin kalangu, amma wannan hira tana bukatar kayan kiɗan da ke bin motsin hannu komai ƙanƙantarsa.

Babban laifin gangar fata shi ne ƙara. A ƙaramin ɗaki takan danne muryar mawaƙi, kuma masana lafiya sun yi gargaɗi cewa ƙarar da ta wuce desibel 85, idan aka daɗe ana jin ta, tana raunana ji. Sai dai wannan ciwo yana da magani. Makaɗi ya yi amfani da sanduna marasa nauyi, ya sa matashi a cikin babbar ganga, ya ɗora ƙyalle a kan ƙanana, ya toshe kunnensa da abin kariya. Fiye da duka, ya koyi sassauta hannu, domin iya bugu a hankali shi ne alamar gwani.

Ban ce a guji gangar lantarki ba. Ƙungiyar da take kiɗa kullum a wuri ɗaya, kamar ɗakin cin abinci na otal mai tsayayyar wuta inda baƙi suke son su yi hira, ita ce ta fi dacewa da su. Sauran kuwa, idan hali ya samu, sai su sayi ƙaramin faifan lantarki guda ɗaya su ajiye a gefen gangar fata, don ƙarin sautukan da ake bukata. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma mai ƙaramin jari ba ya sayen ganguna sau biyu a shekara. Saboda haka ɗalibin da yake son zama makaɗi, da ƙungiyar da take shirin kashe kuɗinta na farko, su fara da gangar da za ta yi magana ko da wuta ko babu, wadda kuma za ta koya wa hannu aiki.